Gidan Injin Stretham: inda ake ganin yadda fadamar Fens ta nutse

Wanda yake son fahimtar yadda aka mayar da dausayin Fens na gabashin Ingila gonaki, tsohon gidan injin da ke Stretham, kudu da garin Ely, zai fi masa dogon bayani amfani. Gini ne na bulo mai dogon bututun hayaƙi a bakin kogin Old West, yanzu kuma gidan tarihi ne da 'yan sa kai ke kula da shi.

A 1831 aka kafa injin, ƙirar kamfanin Butterley, don ya maye gurbin injinan iska da ke tsayawa duk ranar da iska ta kwanta. Kwal ake ƙonawa a tukwane, tururi ya motsa wani dogon ƙarfe da ke sama da ƙasa, shi kuma ya juya katafaren wili mai allunan katako. Allunan su ke turo ruwan magudana sama su zuba shi a kogi, domin a nan kogi ya fi gona tudu.

Wilin nan shi ne abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Faɗinsa ya kai ƙafa 37, amma ba haka aka fara shi ba: sau biyu ana ƙara masa girma a ƙarni na 19. Dalili kuwa ƙasar yankin ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta shekara dubbai cikin ruwa. Da an zuƙe ruwan sai ta motse, ta ruɓe, abin da ya bushe kuma iska ta kwashe. Gona ta yi ƙasa, magudana ta bi ta, allunan suka daina kai wa ruwa. Wato aikin injin da kansa ne ke ƙara masa nisan da zai ɗaga ruwa. Matsalar ta samo asali tun lokacin da Cornelius Vermuyden, ɗan ƙasar Holan, ya haƙa miƙaƙƙun kogunan Bedford guda biyu don zuƙe ruwan yankin a ƙarni na 17.

A gefe akwai injin dizil na Mirrlees da aka kawo a 1925, kuma ajiye su kusa da juna ya yi ma'ana, don mutum na ganin bambancin girma da na yawan aiki.

Inda gidan ya gaza: ba a hura wuta. Tun 1941 injin ya daina aikin tururi, yanzu lantarki ke juya shi don nuni, saboda haka babu zafi, babu ƙarar da ma'aikatan wancan zamani suka sani. Ba kuma kullum ake buɗewa ba, sai wasu ranaku a watannin ɗumi, don haka a duba jadawali kafin a kama hanya. Matakalar hawa sama tana da tsayi, tsoho ko mai ciwon gwiwa zai sha wuya.

Mai mota ya haɗa da Holme Fen, kusa da Peterborough. A can akwai turken ƙarfe da aka kafa wajajen 1851, kansa daidai da ƙasa. Yau ya fito sama da kusan mita 4.