Gargaɗi kan mai sayar da "dutsen daidaita zafi" na tankin murjani

Jama'a masu kiwon kifin teku da murjani (halittar teku mai rai, mai kama da dutse ko tsiro) a gida, ku yi hattara da wani mutum da ke talla a Instagram da WhatsApp, wai yana da wani dutse da ake jefawa cikin tanki ya riƙe zafin ruwa a digiri 25 dare da rana, ba hita, ba wuta, ba komai. Ni ya damfare ni kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Abin da ya ja ni ciki shi ne matsalar wuta. Tankina lita 120 ne a nan Kano, duk mai irin wannan kiwo ya san murjani ba ya son wasa, ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 27 kuma kada ya riƙa hawa da sauka, to ga hunturu ya shigo, da asuba sanyi har cikin ƙashi, NEPA kuma sun ɗauke wuta sai hitar nan ta shanye batirin inbata kafin gari ya waye, famfon da ke juya ruwan ya tsaya, ni kuma ina kwance ina lissafi. Da na ga bidiyonsa ma'aunin zafi a liƙe jikin gilashi yana nuna 25, sai na ce ai ga mafita. Na kira shi, Alhaji kaza Alhaji kaza, ranka ya daɗe daga Japan ake kawo shi, saura guda uku kacal. Na tura dubu 45 zuwa wani asusu da sunan da ba nasa ba, ya ce na ƙanwarsa ne. Nan ya kamata in farga.

Kaya suka iso ta tasha daga Legas, dutse ɗaya da kyautar ma'aunin zafi. Na cire hita na jefa dutsen, kwana huɗu ma'auninsa na nuna 25 ina ta murna har na fara yi wa abokai talla, Allah ya yafe mini. Rana ta biyar na ga murjani sun tsuke sun ƙi buɗewa, kifayena biyu masu ruwan goro da ratsin fari sun laɓe a lungu sun daina cin abinci. Na sa hannu a ruwan, sanyi ƙalau kamar na randa. Na ɗauko tsohon ma'aunina, 20 ya nuna.

Sai na ɗauki nasa na tsoma a ruwan ƙanƙara, 25. Na tsoma a shayi mai tururi, 25. Maman yara tana tsaye tana kallona ta ce Baban Amira ai wannan hoto ne aka manna maka. Dutsen kuma na sa guduma na fasa, irin tangaram ɗin nan ne mai huji-huji da ake sawa a matatar ruwa, an dai shafa masa baƙin fenti. Na kira lambar, ya yi bulokin ɗina.

Abin da ya fi ba ni haushi lissafin a fili yake. Kafin ka ɗaga zafin ruwa lita 100 da digiri ɗaya tak, sai hita mai wat 100 ta yi aiki sama da awa guda. Daga ina dutse zai samo wannan ƙarfin, kuma da wane hankali zai san yau a ɗumama, a watan Afrilu da zafi ke haura 40 a sanyaya? Murjani dabba ce mai rai, akwai wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinta suna ciyar da ita, in zafi ya sauya sosai sai ta kore su ta yi fari fat, abin da ya faru da babban tsaunin murjani na cikin tekun Ostireliya a 2016 da 2017 ke nan, balle ɗan tankin falo.

In kana son rage dogaro da hita, ana yi amma da dabara. Ka raba tankin da taga da ƙofa, ka lulluɓe baya da gefuna da farin soson nan na cikin kwalin firij, da dare ka rufe saman ka yafa bargo amma ka bar kafar iska. Famfo da fitilu ma suna ƙara ɗan ɗumi. Da bazara kuma fanka kake so tana hura saman ruwan, dabarar tulu ce dai, sai dai ruwa zai riƙa raguwa gishiri ya yi yawa, ka riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri.

Na yi asarar murjani uku, kifayen sun farfaɗo bayan na mayar da hita a hankali. Banki na kai ƙorafi suna cewa in jira. Jiya wani aboki ya turo mini tallar, ya sauya sunan shafi amma bidiyon ɗaya ne, tanki mai shuɗin haske, ma'auni a kusurwar hagu, kuma har yanzu saura guda uku.