Asibitin da ya tambayi mahaifina yaushe rabonsa da majalisa

Wata huɗu ke nan ina kai mahaifina wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kano, wanda ya ware ranar Laraba domin masu ciwon suga da ke fama da ciwon ƙafa. Tafin ƙafarsa yana yi masa zugi da dare kamar an barbaɗa barkono, alamar suga ya taɓa jijiyoyi, sannan idan ya ɗan yi tafiya sai sharaɓarsa ta ɗaure har sai ya tsaya ya huta, saboda hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke.

Gwajinsu irin na ko'ina ne: an taɓa tafin ƙafar da siririn zaren roba domin a ga ko yana ji, an kuma kwatanta awon jinin idon sawu da na hannu, aka samu na idon sawu bai kai kashi tara cikin goma (0.9) na hannu ba, alamar jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata. Inda suka sha bamban da sauran wuraren da muka zaga shi ne tambayoyin da suka biyo baya. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Baba, barci yana samuwa kuwa, kuma yaushe rabonka da majalisa?" Mahaifina, wanda ba shi da amsar da ta wuce "da sauƙi", ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce tun da aka yanke ƙafar amininsa ya daina fita, kuma duk daren da zugi ya tashi yakan ɗauka nasa lokacin ne ya zo. Ni da muke kwana gida ɗaya ban taɓa jin wannan magana ba.

Ta yi masa bayani a tsanake cewa ciwonsa na gaske ne, amma saƙon raɗaɗi yana bi ta laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma tsoro da rashin barci da kaɗaici suna ƙara masa ƙarfi, fahimtar da ta samo tushe daga aikin wasu masu bincike biyu, Melzack da Wall, na 1965. Wanda tsoro ya zaunar yakan daina tafiya, alhali tafiyar ce ke taimakon ƙafar da jini ya yi wa ƙaranci. Saboda haka ta tsara masa tattaki sau uku a mako tare da jikansa, ya yi ta tafiya har sharaɓar ta fara ɗaurewa, ya huta, ya ci gaba. Da za ta rubuta maganin amitriptyline domin zugin ƙafar, sai da ta duba zuciyarsa, ta kuma gaya masa tun da wuri cewa asalinsa maganin ciwon damuwa ne, domin kada ya ji a bakin mai kemis ya zaci an ɗauke shi mai taɓin hankali. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Sai dai wurin yana da nasa aibu. Labule ne kawai ya raba ɗakin likita da masu jira, kuma ban ga yadda matar aure za ta buɗe cikinta game da halin da take ciki a gidan miji ba alhali ana jin ta a waje. Layi yakan kai azahar, abin da bai dace da masu suga da suka fito ba su karya ba. Babu kuma ƙwararre kan halayyar ɗan Adam, duk nauyin yana wuyan mace ɗaya. Makon da ta yi tafiya, wanda ya zauna a kujerarta ya sabunta mana takardar magani ba tare da ya ce Baba ya cire takalmi ba.