Littafin Anuhu ko Hawan Ishaya, wanne za ka fara karantawa?

Kullum sai an tambaye ni wannan kan waɗannan tsofaffin littattafan addini biyu, to ga abinda na gani.

Batun kuɗi dai babu damuwa, dukkansu akwai tsohuwar fassarar Turanci kyauta a intanet, kuma cikakken kwafinsu a harshen Ge'ez na Habasha aka same shi.

Sauƙi kam Hawan Ishaya ya fi, babi 11 ne kacal, za ka gama a zama ɗaya. Rubutun Kiristocin farko ne, mala'ika ya riƙe hannun annabi Ishaya suna hawa sama bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta ƙasanta haske. Wanda ya saba jin labarin Mi'iraji zai ji tsarin bai yi masa baƙo ba.

Anuhu kuwa, wanda malamai da yawa ke cewa shi ne Annabi Idris, babi 108 ne, rubutun Yahudawa, ya girmi na Ishaya sosai har an samu guntayensa da tsohon harshen Aramiyanci a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri. Babi na 14 wallahi yana taɓa zuciya, gida ne mai zafi kamar wuta da sanyi kamar ƙanƙara, Anuhu ya faɗi rubda ciki don tsoro. Matsalarsa daga babi 72 zuwa 82 yawanci lissafin rana da wata ne, nan mutane da yawa ke ajiyewa, sannan kar ka rikita shi da Anuhu na biyu da na uku, wasu littattafai daban masu sunansa.

In lokacinka kaɗan ne ko tunanin Kiristocin farko kake nema, ɗauki Ishaya. Mai haƙuri da ke son tono tushen abin ya fara da Anuhu.