Kuɗin ajiya ko AirCover: wanne ke fanshe asarar mai masauki?

Mai gidan saukar baƙi a Mabera ko Arkilla ya san halin 'yan biki: su kwana biyu, su bar zanin gado da lalle, rimot ɗin AC ya yi ƙafa. A zafin Afrilun Sakkwato kuwa, ɗaki babu sanyi ba ya samun mai shiga.

Hanya ta farko, ka karɓi kuɗin ajiya kafin ka miƙa makulli. Da an yi ɓarna ka cire naka nan take. Matsalarta, ajiyar ba ta kai kuɗin talabijin ko inbata, ga kuma kunya: baƙon da surukinka ya turo, da wane baki za ka ce ya ajiye wani abu?

Hanya ta biyu kuma AirCover, wato tsarin biyan diyyar ɓarna na Airbnb, kamfanin da ake kama masauki ta manhajarsa. Kariyarsa ta kai dala miliyan 3, amma sai ka shigar da ƙorafi cikin kwana 14 bayan tafiyar baƙo, da hotuna da rasit. Wanda ya zo ta WhatsApp, kamar yawancin baƙinmu, babu ruwan kamfanin da shi.

Ni dai ajiyar na fi yarda da ita, muddin an ɗauki bidiyon ɗakin a gaban baƙo ranar shiga.