Wasiƙa daga Shetland, inda tsuntsu ke ciyar da gari

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da su Inna da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni a waya ko da gaske ne mutum yakan ɗauki hutu, ya kashe kuɗin guminsa don ya je kallon tsuntsaye kawai. Da gaske ne, har ƙaninka ma ya bi sahu. Wani dattijo abokin aikina a nan Abadin (Aberdeen) ta Sikotilan, mai son tsuntsu tun yana yaro, shi ya ja ni zuwa tsibiran Shetland a watan Yuni. Tunda kullum kana son jin yadda kaya da hidima suke a ƙasar nan, ga abin da idona ya gani.

Shetland ce ƙarshen Birtaniya ta arewa. Tsibirai ne kusan ɗari, waɗanda ake zaune a kansu ba su kai ashirin ba, jama'ar duka kimanin 23,000, unguwa guda a Kano ta fi su yawa. Jirgin ruwa yana tashi daga Abadin da yamma, ya kwana a teku, ya isa Lerwick, babban garinsu, da ƙarfe 7:30 na safe. Lokacin da aka rubuta a takarda shi ne lokacin tashi, ba a jiran a cika, ba a jiran wani babba. Amma ɗakin kwana a jirgin yana da tsada, kuma da bazara sai ka nema tun watanni kafin tafiya, in ba haka ba a kujera za ka kwana. Mutanen tsibirin da kansu suna kuka da wannan, domin baƙi masu yawon buɗe ido suna cinye musu gurbi.

Daga Lerwick muka nufi Unst, tsibirin da ya fi kowanne nisa a arewa cikin waɗanda ake zaune. Sai an haye ruwa sau biyu da mota a ƙananan jirage na ƙaramar hukumarsu: daga Toft zuwa tsibirin Yell kamar minti ashirin, daga Gutcher da ke Yell zuwa Belmont da ke Unst kamar minti goma. Hanyoyin ƙauye ƙunci gare su, mota ɗaya suke ɗauka, amma an yi musu wuraren rabewa kusa da kusa, kuma duk wanda ka rabe masa sai ya ɗaga maka hannu. Rami ban gani ba. Tumaki ne kawai ke tare hanya, su kuwa ba sa jin ham.

A Hermaness, can ƙarshen arewacin Unst, ne na gane abin da ke kawo mutane. Ka yi tafiyar kusan awa guda a kan katakon da aka shimfiɗa bisa fadama, sai ƙasa ta ƙare maka a gaba, ga gangaren dutse mai tsayin mita 170, ƙasansa teku na bugawa. Duwatsun da ke cikin ruwan fari fat, ka ɗauka farar ƙasa aka shafa musu, ashe tsuntsaye ne dubbai da ake kira ganet, manya, masu naɗe fukafukai su faɗa ruwa da ka su fito da kifi. A bakin gangaren kuma ga fafin, ɗan ƙaramin tsuntsu mai baki ja da rawaya, yana haƙa rami yana kwanciya a ciki, yana wucewa ta gaban ƙafarka ba tsoro. Akwai wani mugu mai ruwan ƙasa da suke ce wa bonksi, ɗan fashi ne, yana bin wasu tsuntsaye har su amayar da kifin da suka kama, kuma in ka kusanci sheƙarsa kanka zai nufa. Murar tsuntsaye ta 2022 ta kashe su da yawa, su da ganet, abokina yana ba ni labarin har muryarsa na rawa. Duk wannan kallo ba a karɓi ko sisi a hannunmu ba. Dokar Sikotilan ta 2003 ta ba kowa damar bi ta daji da tudu da bakin teku matuƙar bai yi ɓarna ba, don haka babu mai tare ka da igiya yana neman na goro.

To ina kuɗin yake shiga? A masauki, da jirgi, da hayar mota, da masu kwale-kwalen da ke kai mutane ƙarƙashin duwatsun Noss, ko tsibirin Mousa da tsakar dare don ganin ƙananan tsuntsayen teku suna komawa sheƙarsu a bangon wata hasumiyar dutse mai shekara wajen dubu biyu. Madubin hangen nesa ma kasuwa ce: akwai na fam ɗari, akwai wanda ya haura fam dubu biyu, kuma za ka ga tsohuwa rataye da shi a wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya, shi ne maganar mai. A shekarun 1970 da aka samu mai a tekunsu, ƙaramar hukumar ba ta zauna jiran Landan ba. Ta samo doka ta musamman a 1974, wadda ta ba ta iko a kan tashar man Sullom Voe, da ta fara aiki a 1978. Kamfanoni suka biya diyyar damun jama'a, aka zuba kuɗin a asusun amana, daga ribarsa ake tallafa wa gidajen kula da tsofaffi da wuraren motsa jiki. Unst mutanenta ba su kai dubu ba, amma tana da wurin ninƙaya mai rufi da ruwan ɗumi. Na tsaya a ƙofarsa ina tuna cewa mu tun 1956 aka samu mai a Oloibiri, raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai amana. A bakin hanya za ka ga firji ko akwati, ciki da kek da ƙwai da burodi, an rubuta farashi, ga gwangwanin zuba kuɗi, babu kowa a wurin. Ya burge ni, sai dai ban ɗauke shi baƙon abu ba, domin na san ɗan kasuwar da ke rufe kayansa da buhu ya tafi Juma'a ya dawo ya tarar da su yadda ya bari.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Abinci dai mun fi su nesa ba kusa ba. Kifinsu sabo ne, wannan gaskiya, amma tumatir ba ɗanɗano, attaruhu sai ka zo da abinka, naman halal ban samu a kantunan arewacin tsibiran ba duk da tumakin da suka cika ko'ina. Kusan komai ta jirgi yake zuwa, don haka ya fi na Abadin tsada. Wuraren shan shayi suna rufewa tun la'asar, in ka makara sai ka kwana da biskit. Babu mai shayi, babu mai tsire, babu maƙwabciyar da za ta miƙo maka kwano. Tayarmu ta yi faci, babu mai faci a bakin hanya, sai da muka jira gari ya waye wani gareji ya buɗe, kuma aikin bakanike na awa guda a ƙasar nan yakan haura fam 50. Wuta ba ta ɗaukewa, ga injinan iska 103 da aka kammala a 2024, amma kuɗin ɗumama gida na cin albashin talakansu. Salla ma sai da lissafi: rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, kafin ƙarfe 4 ta fito, shafaƙi bai ɓacewa, sai na bi jadawalin masallacinmu na Abadin.

Aikin hannu kuwa suna ba shi darajarsa. Rigar sanyi ta ulu saƙar hannu irin ta Fair Isle fam ɗaruruwa ake sayar da ita, ba a taya ta. Mai ɗinkin hula a gida makonni yake yi a kan zanna guda, mu kuma mu tsaya muna masa ciniki har ya sallama a faɗuwa.

Da na ce wa abokina ni ɗan arewacin Najeriya ne, sunan Nguru ya fara ambata. Ya san fadamun Haɗeja da Nguru, ya san Dagona ta jihar Yobe, ya san agwagin Turai na yin hunturu a can, ya ma san madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke raya wurin, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ya tambaye ni gauraka, na ce rabona da ganinta a daji tun ina yaro. Burinsa ya je, abin da ke hana shi tsaro ne da masauki da ɗan jagoran da ya san tsuntsaye.

Na sayi madubi mai sauƙin kuɗi, zan ba mai zuwa gida ya kawo wa babban ɗanka. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin gindin wutsiya da baƙi a ƙarshenta, yana tsayawa a kan dutse yana kaɗa jela. A nan yake ƙyanƙyasa, da kaka ya ƙetare Sahara zuwa yankinmu. Ka ce masa ya duba gonakin da aka girbe lokacin hunturu, ya rubuta ranar da ya gan shi ya aiko mini. A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.