Jet Set Radio: tsohon wasa da sabon fenti

Kamfanin Sega ya fitar da wannan wasan bidiyo a kan na'urarsa ta wasanni, Dreamcast, a shekarar 2000, ya sake goge shi a 2012. Sabon na buga a kwamfutata, kwana huɗu ina kansa.

Kana sanye da takalmi mai taya, kana sulalewa a kan ƙarafan gefen titin Shibuya-cho, wata unguwa a cikin wasan, kana fesa fenti a bango, 'yan sanda da shugabansu Onishima na biye da kai. Babban zane sai ka bi kibiyoyin da aka nuna maka ɗaya bayan ɗaya. A nan gabana ke faɗuwa, don ga 'yan sandan sun ƙaraso. Launukan sun fito raɗau, kiɗan kuwa har yanzu yana kunnena.

Tsallen dai da nauyi. A unguwar Kogane-cho sau bakwai ina faɗowa daga rufi ɗaya kafin na haye.