Kafin ka sayi itacen ceri don bonsai a Kaduna

Mai sha'awar bonsai, wato rainon itace a ƙaramar tukunya har ya ɗauki kamannin tsohuwar bishiya, yakan fara da kwaɗayin ceri saboda furensa. Sai dai cerin Japan ba na ƙasar zafi ba ne. Yana buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin ya farka ya yi fure, hunturun Kaduna kuwa duk hazonsa ba ya ba da wannan. Zai yi ganye a shekarar farko, daga nan sai rama. Shigo da shi asarar kuɗi ce.

Akwai iri biyu da ake kira ceri waɗanda suke son zafi. Na Barbados, wanda aka fi sani da acerola, ganyensa ƙanana ne, furensa ruwan hoda, 'ya'yansa ja, amma tsohon reshensa yakan karye idan aka matsa masa. Na Surinam sabon tohonsa jaja-jaja ne, yana jure aski sosai, sai dai gindinsa ba ya saurin kauri. Duka biyun a matsayin siririn dashe ake samun su wurin masu sayar da furanni, don haka sai an dasa su a ƙasa shekara 2 zuwa 3 kafin su yi jikin da ya cancanci tukunya.

Wanda ba ya son jira sai ya nemi itacen da aka haƙo daga daji, abin da Japanawa ke kira yamadori. Tsufansa ake saya: ɓawo mai tsage-tsage da gindin da awaki, wuta da gatarin masu itace suka riga suka lanƙwasa. A nan magarya ce ta fi kusa da ceri wajen 'ya'ya, amma tana da ƙaya da doguwar saiwar tsakiya, shi ya sa da yawa ba sa tsira bayan haƙa. Ceɗiya ta fi kowa yafiya ga sabon shiga, ko reshenta aka dasa yakan kama. Tsamiya tana da ƙananan ganye tun asali. Kuka kyakkyawa ce, amma idan ta zubar da ganye da hunturu aka ci gaba da ba ta ruwa, gindin ruɓewa yake. Durumi da gamji a bar su, ganyensu ya fi ƙarfin ƙaramin itace.

Wurin ciniki ne ake cutuwa. Tambaya ta farko ita ce yaushe aka haƙo shi. Kututturen da aka cire makon jiya zai iya fitar da ganye da abincin da ya tara a jikinsa alhali ba shi da saiwa ko ɗaya. Wanda ya yi damina guda cur a tukunya shi ne abin saye, ko da ya ninka kuɗi. Ka riƙe gindin ka ɗan girgiza. Idan yana rawa, bai kama ba. Ka leƙa ramin ƙasan tukunya ka ga fararen siraran saiwoyi, don su ke shan ruwa, ba masu kaurin ba. Ka kankare ɓawon reshe da farce, kore ake nema. Garin itace a gindi ko hanyar gara alama ce ta a haƙura. Ka kuma tambayi inda aka samo shi, domin haƙa a gandun daji na gwamnati irin na Afaka ba tare da izini ba laifi ne.

Jar ƙasar gona ba ta tukunya ba ce, daskarewa take ta shaƙe saiwa. A haɗa kashi 2 na farfasasshen ƙonannen bulo, kashi 1 na tsakuwar rafi, kashi 1 na gawayi da ruɓaɓɓen taki, ƙwayoyin milimita 3 zuwa 6, a tankaɗe ƙurar. Akadama, wato ƙasar yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya ta Japan da ake dasa bonsai a ciki, tana da kyau, amma tsadarta ba ta zama dole ba. Kada a yi saurin sayen tukunya mai faɗi marar zurfi. Akwatin katako mai ramuka ya fi a shekarar farko, a ɗora shi kan benci saboda gara.

Gyaran siffa sai itacen ya yi shekara yana toho da ƙarfi. Wayar alminiyam ta milimita 1 zuwa 4 ta isa, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen, a naɗa ta a karkace. Da damina ceɗiya kan kumbura ta fara haɗiye waya cikin mako 4 zuwa 6, don haka a riƙa dubawa, a yanke wayar gunduwa-gunduwa maimakon warwarewa. Babban yanka kuma a yi shi ranar da ba hadari, a shafe wurin da kakin zuma don kada ruwa ya zauna ya ruɓar da shi.